Yadda Na Sha Ruwan Maƙabarta a Faransa

Tunda na dawo ba a bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci a unguwarmu ta Abu Hail a nan Dubai, kafin in sa takalmi wani ya tare ni: "Alhaji, ya Faransa?" In na zauna wurin mai shayi: "Alhaji, da gaske a keke ka zagaya ƙasar?" Har Alhaji Bala mai kwantenar tayal, wanda ko benen fulat ɗinsa ba ya iya hawa da ƙafa, wai in ba shi shawara shi ma zai je. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta, a ƙyale ni haka nan. Amma wanda yake jiran ya ji na yabi ƙasar nan, gara ya je ya nemi wani.

Ba ni na ƙirƙiro tafiyar ba, Isufu ne. Ga waɗanda ba su san shi ba, Badamagare ne, mun daɗe tare a Dubai. Yana aiki a wani sito na kago a Al Qusais, shi ne mai magana da kwastomomin Abidjan da Dakar, domin ya yi boko na can, Faransanci ya zauna a bakinsa. Ya ɗan girme ni, amma tunda ni Bakano ne shi Badamagare, babu wani girma tsakaninmu sai tsiya. In yana son abu a wurina ya ce mini Elhaj, in ya samu ya ce mini Bakano. Shi ya mayar da ni kan keke da furfurata, bayan likita ya ce sukarina ya hau. Duk Asabar da asuba muna hanyar keke ta bayan gari, in sanyi ya shigo mu tafi duwatsun Hatta.

A Hattan nan ya gaya mini. Muna zaune a bakin dam, ya ce kamfaninsu ba zai sabunta masa biza ba, wai shekaru sun ja, zai koma Damagaram gaba ɗaya. Sai ya ce abu ɗaya ya rage masa. A ajinsu na firamare akwai hoton wani gidan sarauta na Faransa manne a bango, wanda aka gina a kan kogi, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa. A ƙarƙashin hoton nan bencinsa yake. Ya ce yadda al'amura suka lalace tsakanin ƙasarsu da Faransa, in ya koma gida ya yi sallama da bizar can har abada. Yanzu ne kawai, da takardar zaman Dubai a hannunsa, zai iya nema. Kuma a kan keke yake son ya isa ƙofar gidan, ba a cikin motar 'yan yawon buɗe ido ba.

"Elhaj, ka raka ni," in ji shi.

Na ce, "Kai da za ka koma gida, maimakon ka yi umara, sai gidan wani sarkin Nasara da ya daɗe da ruɓewa?"

Ya ce, "Umara na yi, kuma in Allah ya so zan ƙara. Wannan kuwa sau ɗaya kawai nake so in gan shi da idona."

Ya ya zan yi? Na ce to.

Raina ya fara ɓaci tun daga biza. Ni da ban san ko "ina kwana" da yarensu ba, suka dubi takardun kasuwancina suka buga mini mai tsawo. Isufu kuwa, mutumin da ya haddace sunayen kogunansu tun yana da gajeren wando, suka riƙe fasfonsa, suka kira shi, suka sake kira, sannan suka ba shi kwanakin da ya nema cif, ko kwana ɗaya na ƙari babu. Ina ta faɗa a mota, shi yana ta murmushi yana shafa fasfo. "Bon, sun dai bayar," in ji shi.

A filin jirgin Paris ma haka. Da layi ya zo kansa, Isufu ya gyara murya ya zubo wa jami'in Faransanci irin na littafi, har ni da ba na ji sai da na ji daɗin sautin. Mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, ya amsa masa da Turanci, ya nemi ganin tikitin komawa. Na ce, "Ka ga wulaƙanci?" Ya ce, "Gajiya ce, Elhaj." Gaba kaɗan wani kare ya tsaya a jikin jakata, aka buɗe, aka kwashe kilishin da Hajiya matata ta aiko mini tun daga Kano, aka jefa a kwandon shara ina kallo. Kilishi fa! Yajina kawai ya tsira. Muna fita waje Isufu ya dafa kafaɗata ya ce, "Daga nan kai baƙona ne, ni ne mai masauki." Na ce mai masaukin da aka ƙidaya masa kwanaki? Ya yi dariya. Ashe shi da gaske yake.

Jirgin ƙasa ya kai mu wani gari mai suna Somur, a bakin kogin Luwar, a can muka yi hayar kekuna. Mai shagon ya kawo mini wani matsattsen wando, irin wanda ko a ɗaki ba zan sa a gaban Hajiya ba. Na ce a gaya masa na gode, da wandona zan hau. Ba mu bar garin ba sarƙa ta cafke ƙafar wandon ta yage shi har gwiwa, daga nan na koma cusa shi cikin safa. Ya kuma ba kowannenmu gorar ruwa biyu. Ni kuwa tun a filin jirgi na lura bayan gidansu babu ruwa, takarda ce kawai, ƙasar da ake ce mana ta fi kowa tsafta. Don haka na ɗaura wa gora ɗaya jan zare na mayar da ita buta. Isufu ya ce, "Elhaj, ta sha ce, tafiya da nisa." Na ce ya nuna mini buta ɗaya a ƙasar nan in mayar da ita.

Hanya kam ba zan yi mata ƙarya ba, lafiyayya ce. Tana bin gefen kogi, ta ratsa gonakin inabi, a kowace mararraba akwai ƙaramin allo mai hoton keke yana nuna maka inda za ka bi. Inda ta haɗu da titin mota, na ji wata mota ta biyo ni a baya a hankali, ba hon, ba wucewa. Gabana ya faɗi, na ce wa Isufu ana bin mu. Ya ce direban jira yake ya samu fili, don kada ya matse ni. Na tuna titin Zariya, na tuna direbobin nan na Dubai masu walƙa maka fitila, na ci gaba da taka kekena. Abin da ban yafe ba shi ne tsofaffin matansu. Ina haki a kan ɗan tudu, sai wata mai kan furfura fat ta zo ta wuce ni, da burodi a kwandonta, ta ce mini "bonjur". Isufu ya ce kekenta mai batir ne. Ban yarda ba, lallashina yake yi.

Masaukinmu na farko gidan wata tsohuwa ne mai ba matafiya hayar ɗaki. Tana buɗe ƙofa ta miƙo mini kumatu wai gaisuwa. Na yi baya da sauri, na taka kwanon abincin karenta, karen ya yi kaina, ni kuma na yi bayan Isufu. Karen nan da shi ake zama a tebur, yana da kujerarsa. Ta kawo wani nama da aka niƙa a kwalba, Isufu ya tambaya, ta ce alade ne, amma ɗan kaɗan ne a ciki. Ɗan kaɗan! Ta kawo cuku kala-kala, ɗaya har ya yi kore, warinsa kamar safar da ta kwana a takalmi, wai shi ne mai tsada. Ni dai burodi da ƙwai da yajina suka riƙe ni a ƙasar nan. Ga rana ba ta faɗuwa, ka gaji liƙis kana son ka kwanta, magariba ta ƙi yi. Amma tsohuwar da ta ga muna neman alƙibla, ta ɗauko tawul mai tsafta ta shimfiɗa mana, ta kulle karen a kicin. Wannan kam na yaba mata.

Abubuwan tarihi kuwa, mun gan su har na ƙoshi. Akwai inda mutane suka fafe dutse suka yi gidaje a ciki, da taga da labule da lambar gida, wai yanzu masu kuɗi ne ke zama a kogo. Akwai wani tsohon gidan ibada inda aka kwantar da gumakan sarakuna na dutse, kowanne ya miƙe a kan kabarinsa, wai sarakunan Ingila ne amma a Faransa aka binne su. Isufu yana gaba yana bayani, wane ya auri wance, wane ya ɗaure matarsa, fuskarsa tana ta haske. Ni kuwa a nan wani ɓacin ran ya same ni, kuma ba da su ba. Mutanen nan ko tsohon bango ne sai sun kewaye shi da igiya sun sa masa mai gadi. Mu kuwa ganuwar Kano ina yaro na hau ta na yi wasa, yau an yanka ta an yi shaguna. Na faɗa wa Isufu, ya ce, "Ai ku Kanawa ko kabarin kakanku ne, in an taya za ku sayar." Na bar masa wannan, ban rama ba.

Wani abin kuma, mutanen nan ba sa son ciniki. Rana na take tsaka kowa zai rufe shago ya tafi cin abinci. Ka zo da kuɗinka, mai shago na kallonka ta gilashi yana juya makulli. Ni da na saba da kasuwar Deira ta Dubai, inda ko ƙarfe nawa ne za ka samu mai sayar maka da kwantena guda in kana so. A garin Tur muka samu wani Balaraben Maroko mai gasa nama na halal, na ci har sai da na sassauta ɗamara. Da ya ji inda za mu, ya ce da Larabci, "Gobe Lahadi, habibi, kuma an ce za a yi zafi. Ku sayi ruwa da yawa yau, ƙauyukan can babu abin da zai buɗe." Na yi dariya. Na ce wa zai gaya wa mutumin Dubai zafi? Na kuma ce ba zan ɗora wa kekena lodi kamar jakin Kurmi ba, in mun ji ƙishi ma sha a hanya.

Lahadin nan ita ce ranarmu ta ƙarshe a kan keke. Daga Tur za mu bi wani ƙaramin kogi har gidan sarautar Isufu, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina. Litinin da yamma jirgin ƙasa zuwa Paris, daga nan jirgin sama, domin a ranar bizarsa za ta ƙare. Isufu ya tashi ya sa farar riga da ya ɓoye a ƙasan jaka tun daga Al Qusais. Na ce ango za a kai ne? Ya ce, "Yalla, mu tafi, Bakano, ka cika surutu."

Zafin Dubai da na yi taƙama da shi, ashe a cikin mota da ofis mai sanyi nake shan sa, keke kuwa da asuba muke hawa. Wannan rana ce tsagwaronta a tsakiyar kai, ba iska, ba inuwa, sai gonaki. Kafin azahar na shanye gorata. Ƙauyen farko shagon burodi a rufe, kantin magani a rufe, tagogin gidaje duka an ja musu katako, ko kaza babu a titi. Na ce to ai da sauƙi. Na jingine keke na nufi wani gida mai furanni a ƙofa. Isufu yana cewa, "Elhaj, nan ba a yin haka," ni kuwa na riga na ƙwanƙwasa. Na yi sallama, na ƙara da bonjur, na ɗaga gora sama don a gane. Na ga labule ya motsa, na ga ido, labule ya koma. Gida na biyu kare ne ya amsa mini.

Jama'a, ruwa fa na roƙa. A ƙauyen mahaifiyata randa a ƙofar gida take da moɗa a kai, ba ka ma buƙatar sallama. A nan Dubai, da duk abin da muke faɗa a kansu, ko wane masallaci da na'urar ruwan sanyi a waje, har a bangon gidajen mutane, lebura ya sha, mai kuɗi ya sha. Amma ƙasar da kogi ke bin ta ko'ina, mutum biyu masu furfura sun tsaya a ƙofarka da gora a hannu, ka leƙo ka koma?

Muka yi azahar a gindin wata bishiya. Isufu ya ce mu yi taimama mu adana ruwan butar. Na ce ruwan buta ba na sha ba ne, kuma ba zan yi taimama ga ruwa a hannu ba. Na yi alwalata cikakkiya, butar ta ƙare.

A bayan ƙauyen muka ga wasu mata da miji a kan keke sun tsaya a wata ƙofar ƙarfe, sun shiga da goruna, sun fito suna sha. Na ce alhamdu lillahi. Muna isa na ga kaburbura ne jere, da gicciye da furanni. Isufu ya ce haka masu keke ke yi a ƙasar nan. Kowace maƙabarta akwai famfo a bakin ƙofa don ban ruwan furanni, kuma ba a kulle ta. Ya ce bututu ɗaya ne da na cikin gari. Yana da rabin gora da ta rage, ya miƙo mini ya ce in riƙe wannan, ya je ya cika ɗayar a famfon.

Na ce, "Ruwan da ya biyo ta ƙarƙashin gawa? Wallahi in ka kai wannan bakinka kada ka ƙara sa hannu a kwanona. Kuma sai na gaya wa duk Abu Hail cewa Badamagare ya je Turai ya sha ruwan kushewa." Rabi ƙyama ce, rabi tsiyar da muka saba. Na ɗauka zai rama, ya ɗaga gora ya sha a gabana don ya ba ni haushi. Sai ya dube ni, ya dubi gorar, ya juya ya zuba ruwan a kan furannin wani kabari.

"Kai baƙona ne," in ji shi. "Ba zan sha abin da kake ƙyama kana kallo ba. Bon, mu tafi, saura kaɗan."

Na san abin da za ku ce, ku faɗa. Amma ku gaya mini wane ne a cikinku zai sha ba tare da ya yi magana ba. A hanya na miƙa masa rabin gorar nan, ya ce ba ya jin ƙishi. Kun san mu, in ka miƙa aka ce a'a, sai ka sake miƙawa. Ni ban sake ba, maƙogwarona ya bushe, na shanye. Kuma na manta shaf cewa yana shan maganin hawan jini.

Mun wuce wani ƙauyen, har mun fara ganin allo mai hoton gidan sarautar, sai na lura kekensa na tangal-tangal. Na matsa kusa, ya juyo yana yi mini magana da Faransanci, ni da ya san ba na ji. Fuskarsa a bushe, ko ɗigon gumi babu. Kafin in ce wani abu ya sulale gefen hanya, keken ya faɗo a kansa. Na ja shi inuwar wata bishiya, ina kiran sunansa, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Ban san lambar da ake kira ba, ko na sani ban san me zan ce ba. Hanya shiru, ko mota ɗaya babu. Innalillahi! Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na kwashi goruna har da butar, na hau keke na koma ƙauyen da muka wuce. Ban tsaya ƙwanƙwasa gidan kowa ba. Bango mai ƙofar ƙarfe na nema, na same shi a bayan coci, na banka ciki da keken gaba ɗaya. Ga famfo nan kuwa a bakin ƙofa, da bokitan ban ruwa a rataye. Wani tsoho yana durƙushe yana gyara furanni a kan wani kabari, ya miƙe a firgice. Na ce masa, "Abokina, abokina," da Hausa, da Larabci, da Turanci, na nuna hanya, na kwanta a ƙasa na kwaikwayi yadda ya faɗi. Tsohon nan bai tambaye ni komai ba. Ya cika bokiti biyu, ya tura ni cikin tsohuwar motarsa, yana tuƙi yana magana a waya. Kafin mu fita na cika gorunan, na kafa bakina a famfon nan na sha. Ruwa ne mai sanyi, babu abin da ya bambanta shi da na ko'ina.

Muka jiƙa Isufu sharkaf, farar rigar ta koma ja da ƙasa. Tsohon ya tallafi kansa, ni ina ɗiga masa ruwa a leɓe. Da motar asibiti ta zo ya fara gane mutane. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Elhaj, wannan da jan zare ce." Na duba, ashe da butar nake ba shi. Na ce ya rufe mini baki ya sha. Tsohon nan shi ya kwashi kekunanmu ya ajiye a gidansa, na miƙa masa hannu ya riƙe da hannu biyu. Ko sunansa ban sani ba, Allah ya saka masa. Amma har gobe ina kan bakana: ƙasar da matafiyi zai rasa ruwa a ƙofar rayayyu sai ya je wurin matattu, akwai abin da ya same ta.

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa, likita ta ce ƙodarsa ta wahala, ba za a sallame shi ba sai washegari da la'asar, kuma daga gado sai mota, daga mota sai jirgi. Na ce a gaya mata gidan sarautar nan kusa ne, mu biya ko na minti kaɗan. Ta ce ba a ganinsa daga titi, sai an taka doguwar hanya cikin bishiyoyi, kuma in mun biya jirgin ƙasa zai wuce. Na ce to a ƙara masa kwana ɗaya a biza, ba ga takardar asibiti ba? Aka ce wannan sai wani ofis a wani gari, kuma ba a rana ɗaya ake yi ba. Na yi faɗa da Hausa a tsakiyar asibitin nan har wata nas ta sa yatsa a baki. Mutum ya yi shekara fiye da hamsin yana ɗauke da gidanku a kansa, ya zo har bakin ƙofa, kwana ɗaya ya gagara? Isufu ya juya fuskarsa bango. A karon nan bai nemar musu uzuri ba.

Da safe na ɗauki tasi na tafi ni kaɗai, ni da na zagi gidan nan tun daga Hatta. Na kira shi a waya ta bidiyo, na ɗaga ta sama, na bi hanyar bishiyoyin nan da ƙafa. Da gidan ya bayyana, fari, yana tsaye da ƙafafunsa a cikin ruwa, na ji ya ja numfashi. Ya ce in koma hagu, in gangara bakin kogi, in ɗan ja baya. Ina ta yawo da waya a sama, Turawa na kauce mini. Can ya ce, "Tsaya. Daga nan aka ɗauki hoton." Na tsaya har hannuna ya gaji. Na shiga ciki na nuna masa dogon zauren da ke kan ruwa, da gadajen da ba mai kwana a kai, da kicin da ya fi fulat ɗina girma. Da na fito ya ce, "Elhaj, taɓa mini bangon."

Na je na ɗora tafin hannuna na dama, na goga sosai. Wata mai gadi ta taso tana magana, na ce mata bonjur na yi gaba. Da na duba hannun, ya yi fari fat, dutsen mai laushi ne, yana barin gari a jiki. Na kashe wayar ban gaya masa ba.

A tasi na riƙe hannun a sama, da hagu na buɗe ƙofa, da hagu na biya, direban yana ta leƙena ta madubi. A ƙofar ɗakin marasa lafiya nas ɗin nan ta tare ni, ta nuna mini kwalbar maganin wanke hannu. Na ce yau kuma! Na miƙa mata hagu ta matsa, na ɓoye dama a bayana, na wuce tana ta surutu. Na iske shi zaune a kan gado da robar ruwa a hannu. Na yi sallama, na miƙa masa hannu muka gaisa, na riƙe nasa na murza da kyau, sannan na saki.

Ya buɗe tafinsa ya daɗe yana kallo. Ya murza garin da yatsa, ya kai hanci.

"Bakano," in ji shi, "ashe alli ne. Irin wanda ake yi mana rubutu da shi a allo."

Nas ɗin ta biyo ni ciki da kwalbarta a hannu. Isufu ya dunƙule hannun ya tura shi ƙarƙashin bargo.